Tafkin Kainji: Inda binciken kimiyya ya haɗa injiniyoyi, masunta, masana namun daji da masu yawon buɗe ido

Masana sun kasa binciken kimiyya gida biyu. Akwai wanda ake yi domin a fahimci yadda halitta take, ko da ba a ga amfaninsa nan take ba. Akwai kuma wanda ake yi domin a warware wata matsala da ke gaban jama'a, kamar ƙarancin wutar lantarki, ko raguwar kifi a ruwa, ko ɓacewar namun daji. Wannan na biyun shi ake kira binciken kimiyya na aikace. A Nijeriya da wuya a sami wurin da irin wannan bincike ya daɗe yana gudana, ya kuma tara fannoni daban-daban a waje guda, kamar yankin Tafkin Kainji. A garin Sabuwar Bussa da kewayenta akwai madatsar ruwa mai samar da lantarki, da cibiyar binciken kifi ta ƙasa, da kwalejin koyar da kula da namun daji, da kuma gandun dajin ƙasa na farko da Nijeriya ta kafa. Dukkansu daga tushe ɗaya suka fito, wato datse Kogin Neja da aka kammala a 1968.

Asalin madatsar ruwa

Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara, yana da tsawon kimanin kilomita 4,200. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960 aka fara nazarin yadda za a amfana da ruwansa wajen samar da lantarki da inganta sufurin jiragen ruwa. A 1962 gwamnati ta kafa Hukumar Madatsun Ruwa na Kogin Neja, aka ɗora mata alhakin aikin. Kamfanonin Balfour Beatty na Birtaniya da NEDECO na ƙasar Holan su ne suka tsara ginin, haɗaɗɗen kamfanin Impregilo na Italiya kuma ya gina. An fara aiki a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a 1969. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala miliyan 209, kuma Bankin Duniya na cikin waɗanda suka ba da rance.

Tsayin babban bangon madatsar ya kai mita 65. Idan aka haɗa shi da ganuwar ƙasa da duwatsu da ke gefensa, da ƙaramar madatsar da ta toshe wani kwari a kusa, tsawon duka ya kai kusan kilomita 10. Ruwan da ya taru a bayanta shi ne Tafkin Kainji, mai tsawon kimanin kilomita 135 da faɗin ƙasa na kusan murabba'in kilomita 1,270 idan ya cika. Tafkin ya miƙe daga Kainji a Jihar Neja har zuwa ƙasar Yawuri a Jihar Kebbi. An kuma gina wata mashiga ta musamman a jikin madatsar, wadda aka tsara domin ta riƙa ɗaga jiragen dakon kaya daga ƙasan kogi zuwa saman tafki.

Yadda ruwa ke zama lantarki

Ƙa'idar aikin ba ta da wuyar fahimta. Ruwan da aka tara a sama yana gangarowa ta cikin manyan bututu, ya bugi farfelar inji, farfelar ta juya janareto, janareton ya samar da wuta. Abubuwa biyu ne ke ƙayyade yawan wutar: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsayin da yake faɗowa daga gare shi. Alal misali, idan ruwa lita 1,000 yana faɗowa daga tsayin mita 40 a kowace daƙiƙa, ƙarfin da ke cikinsa ya kai kimanin kilowat 390, kodayake wani kaso yakan salwanta a cikin injin. Wannan ne ya sa idan ruwan tafki ya ja baya wutar take raguwa, ko da injinan lafiyarsu ƙalau.

An tsara tashar Kainji ta ɗauki injina 12 masu samar da megawat 960, amma takwas aka girka, jimillar ƙarfinsu megawat 760. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun da hukumar lantarki ta wancan lokaci aka sami NEPA. Daga baya aka gina madatsar Jebba a ƙasan Kainji, wadda ta fara aiki a 1985, da ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Tsufan injina da rashin gyara a kan kari sun sa Kainji ta shafe shekaru tana ba da wutar da ta gaza ƙarfinta nesa ba kusa ba. A 2013 gwamnati ta ba kamfanin Mainstream Energy Solutions jinginar tashoshin Kainji da Jebba, aka shiga gyaran tsofaffin injina da aikin girka sababbi a guraben da aka bari tun farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana ilimin ruwa a Kainji shi ne cikar kogi sau biyu a shekara. Cika ta farko ana kiranta farar ambaliya. Tana zuwa ne daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a nan kusa, musamman ta Kogin Sakkwato da rassansa, kuma ruwanta gurɓatacce ne saboda laka da yake ɗauke da ita. Ta biyu ita ce baƙar ambaliya. Ruwanta daga tsaunukan Gini yake fitowa, amma sai ya shafe watanni yana ratsa faffaɗar fadamar tsakiyar Mali, inda lakarsa take kwantawa, kafin ya iso Nijeriya garau daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwa na biyu shi ke ba tashar damar ci gaba da aiki da rani. Duk da haka, tsakanin cikar tafkin da jan bayansa a kowace shekara akwai tazarar kusan mita 10.

Saboda ruwan Kainji daga wasu ƙasashe yake zuwa, lissafinsa ya wuce iyakar Nijeriya. Ƙasashe tara ne ke cikin Hukumar Raya Kwarin Kogin Neja da aka kafa a 1980, mai hedikwata a Yamai, kuma suna musayar bayanai kan ma'aunin ruwa. Nijeriya ta daɗe tana sayar wa Jamhuriyar Nijar wutar lantarki, ita kuma Nijar tana gina tata madatsar a Kandadji, a yankin Tillaberi. Duk wani gini da aka yi a saman kogi yana iya sauya yawan ruwan da zai iso Kainji da lokacin isowarsa, don haka injiniyoyi ba sa rabuwa da auna ruwa.

Mutanen da aka tayar

Tafkin ya cinye garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Daga cikinsu akwai Bussawa da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Yawurawa, da kuma Sarkawa masu sana'ar su. Tsohuwar Bussa, fadar masarautar Borgu, ta nutse, aka gina Sabuwar Bussa a madadinta. Ruwan ya kuma rufe duwatsun cikin kogi na Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya rasa ransa a 1806. Babban tsibirin Foge shi ma ya shige ƙarƙashin ruwa. Kafin cikar tafkin masana ilimin tono kayan tarihi sun yi gaggawar haƙa wasu tsofaffin kufai a yankin, suka ceto tukwane da mutum-mutumin yumɓu waɗanda suka nuna cewa an daɗe ƙwarai ana zaune a wannan kwari.

Maimakon a biya kowa diyya a sallame shi, gwamnati ta zaɓi gina wa mafi yawan jama'ar sababbin gidaje na siminti, bisa tsarin da aka yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajensu na gargajiya. Nazarin da masana zamantakewa suka yi bayan haka ya nuna cewa gida kaɗai ba ya mayar wa mutum da rayuwarsa. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa na ban-ruwa a tsibirai da gaɓar kogi, sun rasa ƙasar da suka saba da ita. Sannu a hankali manoma suka koyi amfani da filin da ruwa ke janyewa daga kansa kowace shekara, suna noma shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, makiyaya kuma suna samun ciyawar burgu da rani. Irin waɗannan darussa na cikin abin da ya sa daga baya ƙasashe suka wajabta nazarin tasirin babban aiki a kan muhalli da jama'a kafin a fara shi. A Nijeriya dokar hakan ta fito a 1992.

Cututtukan bakin ruwa

Tun kafin a sa harsashin gini masana ƙwari suka shiga aikin. Yankin ya yi ƙaurin suna da cutar makantar kogi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa. Ƙudan yana hayayyafa ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, kuma cizonsa ke sa wa mutum tsutsar da ke haddasa ƙaiƙayi mai tsanani, daga bisani ta lalata ido. Domin kare dubban ma'aikatan gini an riƙa zuba maganin kashe 'ya'yan ƙudan a kogunan da ke kewaye. Da tafkin ya cika ya rufe duwatsun, sai wuraren hayayyafar ƙudan suka ragu a wannan sashe na kogin.

Sai dai kwantaccen ruwa ya zo da tasa matsalar. Dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya ya fi son ruwa mai sanyin gudu da ciyayi, haka ma sauro. Bincike a ƙauyukan bakin tafki ya sha nuna yawaitar tsargiya, musamman a tsakanin yara masu wanka da masunta. Ita kuwa makantar kogi an sami galaba a kanta sosai bayan 1987, lokacin da aka fara ba da maganin Mectizan kyauta ana raba wa al'umma. Masana biyu da suka gano tushen maganin, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015.

Cibiyar bincike da arzikin kifi

A 1968 Gwamnatin Tarayya, da taimakon Hukumar Raya Ƙasashe da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa shirin binciken Tafkin Kainji. An ɗora masa nazarin ruwan tafkin da kifinsa, da lafiyar jama'a, da noma, da namun daji, da halin rayuwar waɗanda aka tayar. A 1975 shirin ya zama cikakkiyar cibiya, a 1987 kuma aka taƙaita aikinta ga kifi, ta koma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIFFR. Har yanzu hedikwatarta tana Sabuwar Bussa, kusa da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kiwon Kifi.

Abu na farko da masanan suka gani shi ne yadda sabon tafki ke yaudarar mutane. Ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa, musamman faliya. A 1971 abin da aka kama ya haura tan 28,000, masunta suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar nan da maƙwabta. Kafin 1978 kamun ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500. Dalilai biyu aka gano: abincin da ruɓaɓɓun ciyayi suka samar ya ƙare, masunta kuma sun yi yawa, suna amfani da koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin 'ya'yan kifi. Nau'o'in kifin ma sun sauya. Waɗanda suka saba da ruwa mai gudu sun ragu, irin su karfasa da kurungu da giwan ruwa suka sami wurin zama, ga kuma ƙananan kifayen nan da ake kira warangi, waɗanda suka cika tsakiyar tafkin.

Warangi ya zama babbar sana'a a shekarun 1990, lokacin da aka yawaita kama shi da wata doguwar koma da ake ja daga gaɓa, wadda masunta ke kira dala. Kamun ya sake hauhawa, amma nazarin abin da komar ke fitowa da shi ya nuna tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye masu daraja tare da warangin. Wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus, wanda ya fara a 1993, ya tsara ƙidayar jiragen su da kayan kamu da auna kifin da ake saukewa a gaɓa. Bisa wannan bayani jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin su, aka shigo da lasisi, aka kuma haramta dala. Abin lura shi ne an bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa wajen aiwatar da dokar, domin an gane cewa ma'aikacin gwamnati ba zai iya tsare gaɓar da ta kai ɗaruruwan kilomita shi kaɗai ba. Inda sa ido ya yi rauni, haramtattun kayan kamu sukan dawo.

Baya ga kifin tafki, cibiyar ta yi aiki a kan ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, da haɗa irin tarwaɗa da ramboshi domin samun kifi mai saurin girma, da haɗa abincin kifi daga kayan gida, da ƙera murhun ƙyafe kifi mai rage asara da hayaƙi. Wannan ne ya taimaka wajen yaɗuwar kiwon tarwaɗa a tafkunan haƙa a kewayen Sabuwar Bussa, inda matasa da yawa suka sami abin yi.

Wata matsalar da ta haɗa injiniyoyi da masana tsirrai ita ce kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta fara gangarowa cikin tafkin daga saman kogi a ƙarshen shekarun 1980. Tana toshe hanyar jirage, ta lalata koma, ta hana haske da iska isa cikin ruwa, kuma tana iya toshe mashigar ruwan injinan lantarki. An yaƙe ta ta hanyoyi uku: kwashewa da hannu ta aikin gayya, da sakin wasu ƙwari da ke cin ta kaɗai, da kuma kafa shinge mai yawo a kan ruwa a sashen arewacin tafkin domin tare ta kafin ta bazu.

Gandun dajin ƙasa na farko

A 1979 aka haɗe gandayen namun daji biyu, na Borgu da na Zugurma, aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340. Sashen Borgu, mai kimanin 3,970, yana yamma da tafkin a jihohin Neja da Kwara, ba nisa da iyakar Benin. Sashen Zugurma, mai kimanin 1,370, yana gabas. Dajin irin na tsakiyar ƙasar nan ne, mai dogayen ciyayi da itatuwa kamar doka da taura da kawo da maje da baushe da kaɗanya. Kogin Oli ne jijiyar sashen Borgu, domin da rani ruwa yakan rage a guraben da ke cikinsa, dabbobi su taru a wurin.

Daga cikin namun dajin da aka tabbatar da su a gandun akwai gwamki da kanki da maraya da gwambaza da mazo da gada da ɓauna da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri, sai dorina da kada a cikin ruwa, da zaki da damisa da kura, da kuma ɗaruruwan nau'o'in tsuntsaye. Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa, wadda aka kafa a 1991, ita ke riƙe da shi. Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke Sabuwar Bussa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan, tana horar da ma'aikata, gandun kuma shi ne filin gwajin ɗalibanta.

Ƙidayar dabbar daji aiki ne mai ƙa'ida. A hanya mafi shahara, masu bincike suna bin miƙaƙƙen layi da aka auna, a ƙafa ko a mota, suna rubuta kowace dabba da suka gani da nisanta daga layin, sannan a yi lissafi a ƙiyasta yawan dabbobin a duk faɗin wurin. Ana kuma ƙidaya daga jirgin sama da rani, lokacin da ciyawa ta ƙone ganye ya kaɗe. Ga dabbobin da ke fita da dare ana bin sawu da kashi, ko a ɗaura kyamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin itace, ko a saki muryar dabbar da ke cikin wahala ta lasifika domin zaki ko kura su fito. Hotunan tauraron ɗan Adam kuwa suna nuna inda gonaki suka ci daji da inda gobara ta bi. Amfanin wannan duka shi ne a san ko dabbobi na ƙaruwa ko raguwa, a kuma san inda ya kamata a tura masu gadi.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali shi ne na zaki. Wani bincike da ƙungiyar Panthera ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya gano cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, kuma a wurare huɗu kawai: Niokolo-Koba a Senegal, da haɗaɗɗen dajin W da Arli da Pendjari da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Nijeriya. Waɗanda ke Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba. Wata masaniya 'yar Nijeriya, Talatu Tende, ta yi amfani da ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin zaki wajen tantance su ɗaya bayan ɗaya a Kainji da Yankari, ba tare da an kama ko guda ba. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya zakin Afirka ta Yamma a jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Dalilan a bayyane suke: farautar dabbobin da zaki ke ci, da shigar da shanu cikin gandu, da sa guba a mushe domin ramuwar dabbar da zaki ya kashe, da saran itace da faɗaɗa gonaki.

Yawon buɗe ido da tsaro

Masana harkar yawon buɗe ido suna kallon gandu ta fuskoki uku: abin da baƙo zai gani, da yadda zai isa ya kwana cikin aminci, da abin da mazauna yankin za su samu. Ta fuska ta farko Kainji ba ta da matsala. Akwai masaukin baƙi a bakin Kogin Oli, da zagayen kallon dabbobi, da shawagi a tafki, da ziyarar madatsar ruwa, da tarihin masarautar Borgu da bikinta na Gani. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Masu gandu sukan sa wuta da gangan a farkon rani, tun ciyawa na da sauran danshi, domin a rage haɗarin babbar gobara daga baya, a kuma buɗe fili dabbobi su sami sabon tsiro, baƙi su iya hangen su.

Nazarin ɗalibai da malaman jami'o'i ya sha komawa kan abubuwa guda: lalacewar hanyoyi, da ƙarancin kuɗin gudanarwa, da ƙorafin ƙauyukan kewaye cewa an hana su daji ba a ba su madadi ba. Ƙa'idar da aka yarda da ita a wannan fanni ita ce, wanda yake cin moriyar dabba tana raye ba zai bari a kashe ta ba. Shi ya sa hukumar gandayen ke da shirin tallafa wa al'ummun da ke maƙwabtaka da ita, da ɗaukar 'ya'yansu aikin gadi da ja-gora.

A 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta sha gaban sauran. 'Yan bindiga sun mayar da sassan dajin maɓoyarsu. A watan Yunin 2024 cibiyar nazari ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto cewa masu tayar da ƙayar baya daga yankin Sahel sun ratso ta arewacin Benin sun shigo gandun. Inda masu gadi ba sa iya shiga, ƙidaya takan tsaya, baƙi su ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya yanke, mafarauta da masu saran itace su sami sarari. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, domin kimar bayanan kimiyya tana ga ɗorewarsu, kuma shekarar da ba a yi ƙidaya ba ta wuce ke nan.

Sufuri da ambaliya

Ba a sare dukkan itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya rufe shi. Kututturan da suka rage sun zama maɓoyar kifi, amma sun zama tarko ga jirage, musamman idan ruwa ya ja baya ko da dare. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ƙalilan ne suka tsira. Lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da rashin rigar kariya, su ne ake yawan ambata a irin waɗannan haɗura. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida da Hukumar Raya Yankunan da ke Samar da Lantarki ta Ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010, sun gudanar da ayyukan cire kututture da rabon rigunan kariya, amma auna zurfin hanyoyi da sa musu alama aiki ne da ke bukatar maimaitawa.

A ƙasan madatsar kuwa, daidaita gudun kogi ya rage cikar da ke shayar da fadamu kowace shekara, abin da ya taɓa noman fadama da hayayyafar kifi a ƙasar Nupe. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma dole a buɗe ƙofofi domin kare ginin, al'ummun da ke ƙasa su ɗanɗana kuɗarsu. A ambaliyar 2012, wadda ta shafi kwarin Neja da na Binuwai, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutane 363 sun rasu, sama da miliyan biyu sun rasa matsuguni. Hukumar Kula da Ma'aunin Ruwa ta Nijeriya tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, kuma ingancinsa ya dogara ne da tashoshin auna ruwa da bayanan da ke zuwa daga ƙasashen saman kogi.

Fiye da shekara 50 bayan cikar tafkin, tambayoyin da ke gaban masu bincike sun sauya kama amma ba su ragu ba. Injiniyoyi na bukatar sanin yawan lakar da ta taru a ƙasan tafkin da yadda sauyin yanayi zai taɓa ambaliyar nan biyu. Masana kifi na bukatar ci gaba da auna abin da ake saukewa a gaɓa. Masana namun daji na jiran ranar da za su koma cikin gandu su tabbatar da zakuna nawa suka rage. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su nuna yawan wutar da gidaje da masana'antu za su samu, da kifin da zai isa kasuwannin Yawuri da Malale, da kuma ko baƙi za su sake kwana a bakin Kogin Oli.